Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ina Muka Baro Makaɗanmu na Zamani?

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mu kuwa a wannan yanki namu, karin maganar a baki kawai ta tsaya mana. In dai ana zancen makaɗan da suka riƙe jita da ƙaho da ganguna a shekarun 1970, to tamu zumar mun bar ta a rumbu ƙuda na bi, sai ran da baƙo ya zo daga Turai ya lasa ya ce da zaƙi, sannan mu tashi muna rantsuwa cewa tamu ce tun kaka da kakanni. Wannan ɗabi'a muke so mu tuhuma a nan, kuma ba za mu tsame sassan nazarin Hausa daga cikin tuhumar ba.

Bari mu fara da Bongos Ikwue. Mutumin Otukpo ne, amma Zariya ce ta rene shi a fagen kiɗa, domin a Jami'ar Ahmadu Bello ya haɗa ƙungiyar ɗalibai mai suna UniBello Brothers, kafin ya kafa Groovies a 1967. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san muryarsa a taken wasan Cock Crow at Dawn na gidan talabijin na ƙasa. Bayan haka sai ya yi shiru shekara da shekaru, ya koma harkokin kasuwancinsa, har wasu suka ɗauka ya ajiye jita ke nan. A 2013 sai ga shi ya dawo da faifai mai suna Wulu Wulu, tare da ƙungiyar Double X. A ciki akwai waƙar da ya raɗa wa suna Mustapha and Christopher, wadda ya yi a kan rikicin da ke raba Musulmi da Kirista, wato ciwon da mu mazauna Arewa muka fi kowa sanin zafinsa. To, tambayarmu ita ce: mu nawa ne muka saurari wannan faifai? A aji nawa aka ɗauko shi aka tattauna? Dattijo ya dawo gida da tsaraba, ya yi sallama, masu gida na ciki suna kallon fim ɗin Indiya.

Dubi yadda abin yake a wasu wurare. A Barazil akwai ƙungiyar Banda Black Rio, wadda Oberdan Magalhães ya jagoranta, ta gauraya samba da kiɗan fank da sol na baƙaƙen fatar Amurka. Faifanta na farko, Maria Fumaça, ya fito a 1977. Da Oberdan ya rasu a haɗarin mota a 1984 sai ƙungiyar ta watse, amma ɗansa William bai bar gadon ya bi ruwa ba: ya sake tara makaɗa, suka fito da Movimento a 2001. A Dakar, Orchestra Baobab da ta watse a 1987 ta dawo da Specialist in All Styles a 2002, kuma Youssou N'Dour, wanda salon kiɗansa ne ya ture su daga kasuwa tun farko, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. A nan maƙwabta kuwa, Poly-Rythmo ta Kwatano ta fito da Cotonou Club a 2011, bayan fiye da shekara 20 ba ta shiga ɗakin ɗaukar sabon faifai ba, har Angélique Kidjo ta sa murya a ciki.

Sai dai a lura da wani abu mai ɗaci. Kafin Poly-Rythmo ta dawo, sai da kamfanin Analog Africa na ƙasar Jamus ya bi gari gari yana tsintar tsofaffin fayafayanta yana sake bugawa. Haka Mamman Sani na Yamai: kaset ɗin da ya yi a 1978 ya kwanta a ma'ajiya shekara 35, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fito da shi, duniya ta ji. Ba mu ga laifin waɗannan baƙi ba, hasali ma sun cancanci godiya. Laifin na mai gida ne da ya bar kayansa a bola. Kuma in baƙo ne zai zaɓa, abin da ya dace da kunnensa zai ɗauka, sauran kuma gara ta ƙarasa.

Ina Bala Miller da ƙungiyarsa ta Pirameeds a Kaduna, mai waƙar Ikon Allah, wanda ya rasu a 2003? Ina Elcados, waɗanda suka yi tashe a Arewa a shekarun 1970? Ina ƙungiyoyin da suka riƙa kiɗa a kulob-kulob na garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, irin su Minna da Kafanchan da Zariya da Kano? Waɗanda suka busa ƙaho a cikinsu, in suna raye, yau sun haura shekara 70. Kowace shekara sai an binne wasu, kuma kowane ɗaya da abin da ya sani ake binne shi.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta. Za a ce wannan ai kiɗan aro ne, ba na Bahaushe ba, don haka ba ruwan sashen Hausa da shi. Wai shin yaushe Bahaushe ya fara ƙyamar aro? Algaitar da ake busa wa sarakunanmu, sunanta ma daga Larabawan Magrib ya zo. Kalmar badujala ba a tsangaya aka haife ta ba, a barikin soja ta shigo bakinmu, ta zauna daram. Harshen da ya karɓi mota da makaranta da asibiti ya mai da su nasa, shi ne za a ce jita ta fi ƙarfinsa? Bugu da ƙari, wannan kiɗa da ake kira baƙo, jikan gida ne da ya yi doguwar tafiya. Samba da fank a hannun zuriyar bayin da aka kwasa daga Afirka suka tsiro. Ba mu ce samba ta Bahaushe ba ce, amma tarihi ya tabbatar da cewa akwai Hausawa cikin bayin da aka kai Bahia, har sun shiga tawayen bayi Musulmi na 1835 a birnin Salvador. Da James Brown ya zo Nijeriya a 1970 samari suka ruɗe, ba don sun ji baƙon abu ba, sai don jikinsu ya gane bugun.

Za kuma a ce kiɗan otal ne da mashaya, bai kamata mai mutunci ya ɓata alƙalaminsa a kai ba. Wannan hujja ta fi ta farko rauni. Shi kansa Alhaji Mamman Shata wane irin suna ne ba a kira shi da shi ba a zamaninsa? Wannan bai hana Ɗandatti Abdulƙadir rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana a 1975 ba, kuma yau ba wanda ke jayayya cewa Shata taska ce. Aikin manazarci shi ne ya adana, ya auna, ya bayyana. Wanda ya ce sai abin da ya yi daidai da ra'ayinsa zai nazarta, ya ajiye rigar malanta ya ɗauki ta alƙali.

Mu da muke Minna ba mu da uzuri, don darasin yana ƙofar gidanmu. Je ka Ƙetaren Gwari ka ga makanikai. Za a jawo tsohuwar Fijo 504 wadda mai ita ya fid da rai, su sauke inji, su wanke, su sauya ringi da gasket, kafin mako ya zagayo ka gan ta ta kama hanyar Bida da fasinja. Yaron da ke miƙa sifana a gefe yana kallo, haka sana'ar ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Bakanike ya san tsohon inji ba abin yarwa ba ne. Mu masu digiri mun kasa gane haka game da mutane. Yau a bukukuwanmu yaro ɗaya ne da kwamfuta da lasifika ke tsaye a gurbin makaɗa goma, a sitidiyo kuma fiyano ɗaya ke kwaikwayon ganga da sarewa da ƙaho. Ba mu ƙi sabon salo ba, kowane zamani da nasa. Amma in babu wanda ya koyi busa daga bakin mai busa, ran da muka nemi ƙaho na gaskiya sai mun yi hayarsa daga Ikko.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Sassan Hausa su buɗe wa wannan fanni ƙofa a jerin batutuwan kundin kammala karatu, a tura ɗalibai su nemo tsofaffin 'yan badujala da masu jita, su ɗauki muryarsu da tarihinsu tun suna iya magana. Gidajen rediyon jiha da na tarayya da ke Kaduna su buɗe ma'ajiyarsu, a juye tsofaffin fayafayai da kaset zuwa kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye. Zauren wasanni na U.K. Bello da ke nan Minna ya ware dare ɗaya a shekara domin waɗannan dattawa, a haɗa su da matasan mawaƙa a dandamali guda. Masu hannu da shuni da ke liƙa dubbai a goshin mawaƙi a dare ɗaya, su san cewa kaɗan daga ciki zai ɗauki nauyin faifan dawowar ƙungiya sukutum.

In mun yi haka, mun fita kunyar na baya. In kuwa mun ci gaba da naɗe hannu, nan da 'yan shekaru jikokinmu za su sayi kiɗan Kaduna da Zariya da kuɗin Turai, su karanta tarihinsa da harshen da ba nasu ba, kuma ba su da wanda za su zarga sai mu.