Mastar ɗin kasuwanci: shekara biyu ba wasa ba ne

Iyaye da matasa na Tamanrasset da In Guezzam, a gidajen da muke zagawa tambaya ɗaya ke yawan dawowa: yaro ya gama lisans a fannin kasuwanci, ya ƙara shekara biyu ya yi mastar, ko ya shiga kasuwa?

Wasu sukan ce ai karatu kyauta ne. Haka ne, rajista a jami'ar gwamnati dinari 200 ce, kuma tun da muka samu jami'a a nan gida ba sai an yi tafiyar kusan kilomita 2,000 zuwa Alje ba. Amma ba a rajista tsadar take ba. Ɗalibi ba ya cikin masu karɓar kuɗin rashin aiki da aka fara biya a 2022, tallafin ɗalibai kuwa kowa ya san bai taka kara ya karya ba. Sa'ansa da ya bi kawunsa lodin dabino zuwa Assamaka, cikin shekara biyun nan ya san direbobi, ya san farashi, har an fara ba shi kaya bashi.

Mai neman aikin gwamnati, mastar na ɗaga shi mataki ɗaya sama da mai lisans a jadawalin albashi. Sai dai takarda ba ta buɗe gurbi. Ku ƙirga masu mastar da ke zaman jiran kira daga ofishin ANEM a unguwarku, kun fi mu sanin su.

Inda muke ganin karatun zai biya kansa shi ne gidan da dama ke da ciniki. Dokar 2020 ta cinikin musaya da Nijar da Mali ta ce sai mai rajistar sari, mai sito da motar ɗaukar kaya, kuma kayan da aka yarda a fitar da waɗanda za a shigo da su duk a rubuce suke. Dattijo na iya riƙe lissafin tirela goma a ka, amma takardun duwan da na haraji su ka da shi. Ɗan da ya iya su ya tsare wa gida dukiya. Irin wannan yaro ya je ya yi mastar, da sharaɗin kada ya bar shago, kuma binciken da zai rubuta ya zama kan cinikin gidansu. Wanda kuwa zai shiga don kawai gudun a ce yana zaman banza, mu dai ba mu ba shi shawara ba.

Sauran nauyin na masu mulki ne. A 2024 aka yi alkawarin yankunan ciniki marasa haraji a kan iyakokin kudu. A Afrilun 2025 kuma Nijar da Mali suka janye jakadunsu, mu na bakin iyaka muka kwana da fargaba. Duk ɗan takarar da ya shigo zaurenku neman ƙuri'a, har da namu, ku tambaye shi guraben aiki nawa ya tanadar wa 'ya'yan kudu a wannan ciniki, kuma a wace shekara.