Ba A Sanin Maci Tuwo Sai Miya Ta Ƙare

Jama'a, akwai wata ɗabi'a ta 'yan kallon wasan besbol a Amurka wadda ni kam ba na goyon bayanta. Da zarar gwanin bugu ya yi mako uku sandarsa ba ta ci ba, sai a ce ya tsufa, tasa ta ƙare. Haba! Kakar nan fa wasa 162 ce, wata shida cur. Kuma wanda bugunsa ya ci sau 3 cikin fita 10, shi ake kira gwani. To, ina hikimar yanke hukunci da wasa 20?

Ku dubi Derek Jeter na ƙungiyar Yankees. A Afrilun 2004 ya fita sau 32 a jere bugunsa bai ci ba, har magoya bayansa suka yi masa ihu a filinsu. Da kaka ta ƙare, sai ga shi ya ci sau 188 cikin fita 643, kusan 3 cikin 10 ke nan.

Na san za a ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma manomin da ya shekara 8 yana cika rumbu, ba a kiransa rago don ruwan shuka ya yi jinkiri. A jira girbi mana!