Kujerar Kwamiti Ba Rawani Ba Ce

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko wadda ta ratsa Dawanau ta nufi Bichi da Tsanyawa, ko kuwa ta Gezawa da Minjibir, ya san irin ƙasar da muke magana a kanta. Gona tana jingine da gona, babu saura, babu dajin da za a sare a ƙara. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun cikin shekarun 1960, ya nuna wa duniya cewa manoman wannan yanki suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, amma ba su kashe ta ba, saboda takin dabbobi, da sharar birni, da dabarar haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda. Mutanen da suka iya wannan, ba mai cewa ba su iya tsari ba. To, me ya sa ƙungiyoyinsu na taimakon kai da kai suke mutuwa tun ba su yi rarrafe ba? Mu dai a ganinmu, cutar tana cikin kwamiti.

Da wuya a sami gari a nan wanda ba shi da ƙungiyar ci gaba, ko ta manoma ta gama kai, ko kwamitin makaranta. Kowace tana da shugaba da mataimaki, da magatakarda da ma'aji, da allo a bakin titi. Amma a tambayi 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya, mene ne ƙungiyarku ta sa a gaba bana? Za a ji amsa goma daga bakin mutum goma, in ma an same su a garin ke nan.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne mun mayar da kujerar kwamiti sarauta. Ana ba attajiri domin ya ba da gudummawa ranar ƙaddamarwa, ana ba babban ma'aikaci domin sunansa ya ƙawata takarda, alhali kuwa su duka biyun a birni suke kwana, sai Salla suke leƙo gida. Taro ba ya yiwuwa sai sun zo, su kuwa ba sa zuwa. Ba a cire ko kwabo sai da sa hannunsu, a yi ta aike har shuka ta wuce. Kuma da yake an ɗauki kujerar a matsayin rawani, kunya ta hana a tuɓe, sai mutuwa ta raba.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, domin kuwa daga sama ya sauko. Tun dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1935, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa, hukuma ce ke cewa talakawa su haɗu, ita ke rajista, ita ke faɗin abin da za a haɗu a kai. Haka aka yi ta yi a shirin ciyar da ƙasa na 1976, da juyin noma na Shugaba Shagari na 1980, da shirin Fadama da ya fara a 1993, har zuwa bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Kowane shiri ya zo, maganarsa ɗaya ce: ku kafa ƙungiya, ta hannunta za a ba da taki ko inji ko rance. Ƙungiyar da aka haifa domin karɓa, aikin kwamitinta bai wuce rubuta sunaye ba. Ran da rabo ya ƙare, ran nan manufa ta ƙare. Ma'aikacin da ke neman jerin sunaye cikin mako guda yana da laifi, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su wane ne suke cusa sunayen 'ya'yansu da barorinsu, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba? Ta haka ƙungiya take zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Dalili na uku shi ne rashin lissafi. Ana karɓar kuɗin wata ba rasit, ana kashewa ba rubutu. Wanda ya tambaya sai a ce ba shi da kunya, yana tuhumar manya. Da manomi ya ga haka sai ya daina biya, ya yi shiru, sa'an nan kwamiti ya juya ya ce mutanen ƙauye ba su da haɗin kai.

Kada wani ya zaci wannan ƙaramar magana ce. A duba wuraren noman rani da ke shan ruwan madatsu, kamar Watari ta Bagwai da Tomas ta Dambatta. Duk inda ake rabon ruwa ta magudana, dole a yashe su kafin rani, dole a tsara wa zai sha yau, wa zai sha gobe. Idan masu yanke shawara duk gonakinsu a bakin ruwa suke, ko kuma ba su da gona a wurin sam, to mai gona a ƙarshen magudana shi zai zuba ido tumatir ɗinsa ya ƙone. Barcin kwamiti, abincin gidan wani ne.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce sai da manya ake shiga ofis, sai da su ake samun gudummawa. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a wulaƙanta kowa ba. A naɗa su iyayen ƙungiya, a girmama su, a nemi shawararsu. Amma ƙuri'a da sa hannu su tsaya ga wanda ke kwana a garin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za a kuma ce manoma ba su yi boko ba. Uwar adashi wace makaranta ta yi, da take riƙe zubin mata ashirin, kowace ta san ranar kwasarta? Malaman da ke rubuta bashi da ajami fa? Kakanninmu sun yi gayya ba tare da allo a bakin titi ba, saboda an san gonar da za a nome, an san ranar, an san wanda bai zo ba. Masaƙan Rochdale ta Ingila, su 28, da suka kafa ƙungiyarsu a 1844, ba su ɗora a kan wani abu da ya wuce wannan ba: mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, kuma lissafi a fili.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Na farko, kowace ƙungiya ta tara dukan 'ya'yanta kafin damina, ta zaɓi aiki ɗaya ko biyu na shekara, sayen taki a dunƙule ne, ko rumbun ajiya, ko rufin aji, a rubuta da Hausa, boko da ajami, a karanta wa kowa. Na biyu, kowane ɗan kwamiti a ɗora masa wani yanki na aikin da sunansa, domin aikin kowa da kowa ba na kowa ba ne. Na uku, kujera ta zama da wa'adi, kuma wanda ya fasa taro uku a jere ba uzuri, ya sauka ba tare da gaba ba. Na huɗu, a ba mata da masu ƙananan gonaki kujeru na haƙiƙa, tun da su ne suka fi jin jiki idan abu ya lalace. Na biyar, bayan kaka ma'aji ya tsaya a bainar jama'a ya karanta shiga da fita, wani wanda ba ɗan kwamiti ba ya duba littafin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu kuma ɗaliban jami'a, da yawanmu da kuɗin wake da gyaɗar waɗannan gonaki aka biya mana makaranta. Idan an yi hutu, kada mu koma gida muna neman kujera, domin nan da 'yan shekaru mu ma birni zai haɗiye mu. Mu je taro, mu zauna a tabarma, mu koya wa magatakarda rubuta abin da aka zartar, mu ja wa ma'aji layi a littafinsa. Sa'an nan, cikin ladabi amma a gaban kowa, mu yi tambayar da iyayenmu suke jin nauyin yi: nawa aka tara, kuma me aka yi da shi?