Ba Wutar NEPA Ce Kaɗai Ke Kashe Injinanmu Ba

Da bazarar bara, lokacin girbin shinkafar rani, na raka wani ɗan'uwana wata masana'antar gyaran shinkafa a yankinmu. Ba zan faɗi sunanta ba, domin abin da na gani a cikinta ba cutarta ce ita kaɗai ba. Buhunan shanshera jibge a tsakar fili, masu kaya sun yi zugum a inuwa, wasu tun daga wajejen Damaga suka ɗauko, injin tsince shinkafa kuwa ya yi tsit kwana da kwanaki. Na tambayi mai wurin abin da ya faru, ya ba ni amsar da kowa ke bayarwa: "Wallahi ɗana, wuta ce ta ƙona ƙwaƙwalwar injin."

Na roƙe shi ya sa a buɗe mini akwatin wutar. Ni ba injiniya ba ne, aikin jarida na karanta, amma abin da ke ciki ko makaho ya shafa zai gane. Inda ya kamata a ga fis, an naɗa guntuwar wayar jan-ƙarfe. Wayar nan mai launin kore da ɗorawa, wadda aikinta shi ne ta kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, tana nan reto, an yanke ta ba a ɗaura ta a komai ba. Ƙurar ɓuntu ta yi wa kayan ciki bargo. Akwatin kansa a jikin bangon yamma aka kafe shi, ƙarƙashin rufin kwano, inda rana ke dukansa daga azahar har la'asar sakaliya.

Wuta ce ta ƙona injin, haka ne. Amma hannun mutum ne ya buɗe mata ƙofa, ya shimfiɗa mata tabarma.

Mun daɗe muna cin albarkacin lalacewar wutar ƙasar nan wajen wanke kanmu. Shekara da shekaru ke nan da rushe NEPA, rabon wuta a Zamfara yana hannun kamfanin Kaduna Electric, amma sunan tsohuwar hukumar bai bar bakinmu ba, saboda ya zame mana bangon da muke shafa wa kowane kashin kaji. Ba na musun cewa wutar ba ta da tabbas. Abin da nake musu shi ne a ce an yi mamaki. Wanda ya gina ɗaki a fadama ba ya kai ƙarar damina. Duk wanda ya kafa injin miliyoyin naira a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya san irin wutar da za ta shiga cikinsa. Idan ya haɗa shi kamar a Jamus yake zaune, to sakaci ne, ko da kuwa an yi masa laƙabi da ƙaddara.

Bari in yi wa mai karatu bayanin abin da ake kira ƙwaƙwalwar inji. Injinan zamani, daga na tsince shinkafa zuwa na ɗura ruwan leda zuwa manyan famfunan ban-ruwa, ba mutum ne ke tsaye yana kunna wannan yana kashe wancan ba. Akwai wata 'yar kwamfuta, masu sana'ar suna ce mata PLC, wadda ke karɓar labari daga na'urorin ji da gani da ke jikin injin, ta yanke hukunci, ta ba da umarni. Ita wannan ba ta shan wutar bango kai tsaye a mafi yawan haɗi. Wutar da ke shigo mana gida bolt 230 ce, ta masana'anta mai layi uku kuwa wajen bolt 400, kuma mai kai da komo ce, sau 50 a kowace daƙiƙa. Ƙwaƙwalwar kuwa galibi bolt 24 take so, miƙaƙƙiya irin ta batir, ba hawa ba sauka. Tsakanin biyun akwai wani ɗan akwati da bai fi girman tafin hannu biyu ba, wanda ni zan kira matatar wuta. Shi ke karɓar ɗanyar wuta ya tace ta. A cikin kuɗin injin gaba ɗaya, shi da kayan da ke tsaronsa ba su taka kara sun karya ba. Kuma a daidai nan ne muke yin tsumulmularmu. Ɗan hakin da ka raina.

Idan akwai mutanen da bai kamata a koya wa wannan darasi sau biyu ba, mu ne. Madatsar ruwa ta Bakolori tana bakin ƙofarmu. An fara gina ta a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978, tafkinta na ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An tsara za ta shayar da hekta 23,000, kuma daga ciki hekta 15,000 ta hanyar feshi ne, wato sai famfo ya tura ruwa cikin bututu da ƙarfin lantarki kafin ɗigo ɗaya ya sauka a gona. Hekta 8,000 ne kawai aka bar wa ruwa ya gangara da ƙafarsa ta magudanai. An sa injin samar da wuta na megawat 3 a jikin madatsar, aka kafa tashar dizal ta tallafa masa. Me ya biyo baya? Injinan wutar suka riƙa tsayawa, dizal ya yi tsada, kayan gyara sai daga ƙetare, bututai suka bi hannun ɓarayi. Zuwa farkon shekarun 2000 feshin ya zama tarihi, noman ya koma ɓangaren da bai dogara da waya ba. Da Bankin Duniya ya zo da shirin TRIMING a 2014, cikin abubuwan da aka sa gaba har da mayar da wani yanki na gonakin feshin zuwa ban-ruwan magudana. Wato bayan shekara arba'in aka koma aka amsa cewa an ɗora gini a kan wutar da ba a iya riƙewa.

Kuma ba kyauta muka sayi wannan darasi ba. Saboda wannan aiki aka tashi garuruwa, aka karɓe gonaki, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyarsu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suna lissafa ɗaruruwa. Jinin da aka zubar don a shimfiɗa bututun da daga baya wuta ta kasa cikawa, wannan abu ne da ya kamata ya sa kowane ɗan yankin nan ya riƙa tambayar "da wace wuta?" kafin ya tambayi "nawa ne?"

To, yanzu kuskuren ya sauko daga ma'aunin gwamnati zuwa ma'aunin ɗan kasuwa, yana maimaita kansa cikin ƙananan akwatuna. Hanyoyin da matatar wuta ke mutuwa sanannu ne, babu sihiri a ciki. Idan wayar tsakiya ta tiransifoma ta tsinke ko aka sace ta, layin da ya saba kawo bolt 230 yana iya haurawa ya doshi 400, kuma akwai 'yar na'ura mai lura da hawa da saukar wuta da ke yanke layin kafin ɓarna ta auku. Ba a sa ta ba. Babban moto idan zai tashi yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci yana tafiya, sai ƙarfin layin ya faɗi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwar ta ɗauke ta dawo ta rasa inda ta tsaya. Maganinsa a ware mata layinta da makatsinta daban, a kuma nisanta siraran wayoyin saƙo daga manyan wayoyin moto, amma sai a cusa su duka cikin bututu ɗaya don a rage tsawon waya. Hadarin farkon damina yana zuwa da tsawa, tsawa tana aiko da bugun wuta ta cikin layi ko da a nesa ta sauka, kuma na'urar da ke shanye wannan bugu ba ta da inda za ta zubar da shi sai ta wayar ƙasa. Idan wayar ƙasar tana reto, na'urar ado ce.

Sai zafi, wanda shi ne makashin da ba ya ƙara. A watan Afrilu zafin yankinmu yana haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffen akwatin ƙarfe kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Masu ƙera matatar wuta suna rubutawa ƙarara cewa idan zafi ya wuce wani mizani ba ta iya ba da cikakken ƙarfinta, kuma a bar sarari sama da ƙasa da ita don iska ta ratsa. A cikinta akwai kafasito masu ruwa-ruwa a ciki, waɗanda ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Saboda haka a ƙasa irin tamu ba a sayen matata daidai wa daida da buƙata, ana sayen wadda ta ɗara. Mu kuwa sai mu sayi ta daidai, mu matse ta tsakanin wasu kaya, mu bar ɓuntu da ƙurar hunturu su toshe mata hanci, in ta mutu bayan shekara guda mu ce kayan Sin ba su da ƙarko.

Duk wannan asarar dukiya ce, ana iya mayarwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami da zafi shi ne yaron da ke aiki a jikin injin, ƙafa ba takalmi, a kan siminti mai danshi. Wayar ƙasa ba don injin kaɗai aka yi ta ba. Ranar da wata waya ta goge ta taɓa gangar jikin ƙarfen, ita ce za ta ja wutar da ƙarfi har makatsi ya faɗi. In babu ita, ƙarfen zai zauna ɗauke da wuta yana jiran wanda zai kammala mata hanya zuwa ƙasa, kuma wutar da ba ta kai ta kunna ƙwai ɗaya na tsohon yayi ba ta isa ta hargitsa bugun zuciya. Ko inda aka kafa sandar ƙasar ma, ƙasarmu mai yashi idan ta bushe da rani ba ta karɓar wuta sosai, don haka auna ta ake yi da na'ura, kuma da rani, ba a buga ƙarfe a juya baya ba. Na'urar da ke sarrafa gudun moto tana riƙe wuta mai kisa a cikinta na wasu mintoci bayan an kashe layi, an rubuta gargaɗin a jikinta da harshen da yaron bai iya karantawa ba. Faifan sola, da yanzu ke kan kowace rijiyar burtsatse, ba shi da makashi muddin rana na sama, jerinsa yana tara ɗaruruwan bolt, kuma miƙaƙƙiyar wuta idan ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da kanta kamar mai kai da komo. Wanda ya sa mata makatsin wutar gida ya ajiye gobara ne. Shi kuma mai haɗa janareta ba tare da makunnin da ke raba shi da layin waje ba, yana tura wuta baya ta cikin tiransifoma zuwa kan ma'aikacin da ya hau turke yana zaton layin a mace yake.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ɗan jarida bai san zafin neman jari ba, mai injin bashi ya ci, kowace naira da lissafinta. Na yarda da zafin, ban yarda da lissafin ba. A ƙirga kwanakin da injin ya yi a tsaye cikin ganiyar girbi, da masu kayan da suka juya zuwa wani wuri, da kuɗin sabuwar ƙwaƙwalwa da sai an yi odarta da dala. A ƙara da wani abu da ya keɓanta da mu: saboda halin tsaron hanyoyinmu, ƙwararren da ke Kano ko Kaduna ba ya tasowa da kira ɗaya, in ya yarda ya zo ma kuɗinsa ya ninka. Wanda gyara ya fi yi wa nisa shi ya fi kowa buƙatar rigakafi.

Ba kuma ina nufin a rataye mai wayarin na unguwa ba. Sau da yawa ya san daidai, ya rubuta kayan tsaron a takarda, mai gida ne ya bi su da biro yana cewa "wannan na mene ne, ba ya aiki in babu shi?" Kuma gaskiya ne, yana aiki in babu shi, har ranar da ba zai yi ba. Wanda ba ni da uzuri gare shi shi ne ɗan kwangilar gwamnati da aka biya kuɗin kayan ya cinye, da jami'in da ya sa hannu a takardar kammala aiki bai buɗe akwati ko ɗaya ba. Mun iya bikin yanke ƙyalle, a danna maɓalli, ruwa ya zubo, a tafa. Ban taɓa halartar bikin da wani babba ya ce a nuna masa sakamakon awon wayar ƙasa ba.

Doka kuwa ba ta rasa ba. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA, wadda aikinta ne duba haɗin lantarki da ba shi shaida kafin a fara amfani da shi, da kuma tantance masu yin haɗin. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a cikin Talata Mafara take, tana yaye matasa masu ilimin injiniya da ke yawon neman aiki, alhali masana'antun da ke maƙwabtaka da ita suna ɗaure fis da waya. Ƙungiyoyin masu injinan shinkafa da na masu amfani da ruwan Bakolori suna iya ɗaukar irin waɗannan matasa su riƙa zagayawa da na'urar awo kafin kowane girbi, kuma banki ko shirin tallafin da ke ba da rancen sayen inji yana iya ƙin sakin kason ƙarshe sai ya ga shaidar haɗin. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke jiran a gyara wutar Najeriya.

Na sake bi ta masana'antar nan bayan sallar layya. Sabuwar ƙwaƙwalwa ta iso, injin yana ta ruri, mai wurin ya tarbe ni da fara'a ya ce an wuce wurin. Na leƙa akwatin. An sa sabon fis, an share ƙurar. Wayar nan mai kore da ɗorawa tana nan inda na bar ta, sai dai wani ya naɗe bakinta da baƙin salatif don kada ta riƙa shiga hanya.