Alƙali ya sake shi, mu ba mu sake shi ba

Jama'a, ranar kasuwar da ta wuce na ji wata magana wadda ta ɓata mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wani yaro na garinmu, ba zan faɗi sunansa ba. Shekara huɗu ya yi a Maradi yana aiki cikin wani babban kanti. Shi ke riƙe lissafin kaya a kwamfuta. Wata rana ya sa hannu cikin kuɗɗin mai gidansa. Anka kama shi, anka kai shi gaban alƙali, ya yi wata takwas a gidan kaso. Ban zo wanke shi ba. Ya yi sata, an hukunta shi, kuma daidai ne. Da ya fito, aikinsa ya tafi. Ya yi yawon neman wani har takalminsa ya cinye, bai samu ba. Sai ya komo gida. Ƙanen uwarsa ya ranta masa kuɗɗi, ya sayi allon hasken rana da batir da ƴan ƙarafan aiki, ya kafa tebur cikin rumfa a bakin kasuwa. Yana cajin wayoyi, yana gyara waɗanda sunka lalace, yana buga wa mutane takardu da wata tsohuwar kwamfuta.

To, ranar nan wata mata ta nufi rumfarsa da wayarta a hannu. Sai wani dattijo, wanda nake ganin girmansa, ya ɗaga murya ya ce mata: “Ke, ina za ki? Ɗan kaso ne fa! Hali zanen dutse.” Matar ta juya. Yaron ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

Ni kuwa zan ce. Baba, da girmanka, ba ka yi daidai ba.

Na san inda kake kai taka wayar. Mota kake shiga, ka biya kuɗɗin zuwa da dawowa, ka miƙa ta ga wani yaro a cikin birni wanda ba ka san ubansa ba, ba ka san garinsu ba. Ka taɓa tambayarsa ko ya kwana gidan kaso? Ba ka taɓa ba. Wanda ka san laifinsa, ka san gidansu, ka san ƙofar da za ka buga in ya cuce ka, shi ne ka ƙi. Wanda ba ka san komai nasa ba, shi ka amince wa. Ina hankali a nan?

Bari in gaya muku abin da ke tare wa irin wannan yaro hanya, don da yawa cikinmu ba su sani ba. Akwai wata takarda da ake karɓowa a gidan shari'a, masu jin Faransanci suna ce mata kaziye. Cikinta ake rubuta hukuncin da alƙali ya taɓa yanke wa mutum. In za ka shiga jarrabawar aikin gwamnati, sai ka kawo ta, kuma sabuwa, wadda ba ta wuce wata uku ba. Manyan ma'aikatu da yawa su ma suna neman ta. Mai ɗaukar aiki yana da takardun mutum hamsin bisa teburinsa, gurbi kuwa ɗaya. Da ya ga baƙin rubutu a takardar wani, ya ture ta gefe. Ba ya ko kiransa ya ji ta bakinsa.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba. A Amurka wata malama mai suna Diba Feja ta gwada abin, ta bayyana sakamakon a shekara ta 2003. Ta aiki samari neman aiki a birnin Milwoki, da ilimi iri ɗaya da takardu iri ɗaya. Bambancin kawai, wasu suna cewa sun taɓa zaman kaso. Cikin farar fata marasa laifi, an kira 34 cikin 100. Masu cewa sun yi kaso, 17. Cikin baƙar fata marasa laifi 14, masu laifi 5 kacal. Kun gani, kalma guda ta rufe rabin ƙofofi, ga wasu ma fiye da rabi.

To in ƙofar biro ta rufe, ina mutum zai nufa? Gona, in yana da ita. Gonar damina kuwa wata huɗu ce, ciki kuma wata goma sha biyu yake neman tuwo. Saura sana'ar hannu. Kuma cikin sana'o'in yau, babu mai saurin karɓar mutum kamar ta waya da kwamfuta. Ku dubi garinku. Gida nawa ne babu waya? Wutar lantarki ba ta iso ƙauyuka da yawa ba, kowace waya kuwa sai ta sha wuta. Rairayi yana toshe bakin caji. Zafin bazara yana kumbura batir. Gilashi yana fashewa in waya ta faɗo daga amalanke. Wani ya sayi sabuwa, yana son a kwashe masa lambobin ƴan'uwansa daga tsohuwa. Wata tana son a buɗe mata WhatsApp don ta ji muryar ɗanta da ke Agadas ko Libiya. Ga masu son a buga masu wasiƙa, ga masu son a haɗa masu allon hasken rana da fitila. Duk wannan aiki ne, kuma ba mai tambayarka kaziye kafin ka ɗauki ƙarfen liƙi. Abu ɗaya yake bukata, a kawo maka. Wa zai kawo? Mu. Ashe makullin wannan ƙofa ba ya hannun alƙali, ba ya hannun gwamnati. Yana aljihun Baba da aljihuna.

Gwamnati ma ta san mutum ba ya dawwama cikin kaso. Shi ya sa anka kafa gidajen Kollo da Daikaina da sunan gyara hali da koyon sana'a, da na yara a Dakoro. A Kaliforniya ta Amurka, gidan kason San Kwantin, an fara koya wa ƴan sarƙa rubuta umurnin kwamfuta a shekara ta 2014, ba tare da an ba su intanet ba, don su fito da sana'a a hannu. Amma a koya wa mutum sana'a sa'annan gari duka ya ƙi saye, kamar a ba shi guga ne a rufe rijiya.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce waya ba fartanya ba ce. Cikinta akwai hotunan iyali, akwai asirin mutum, yanzu har kuɗɗi ake ajiyewa ciki. Ta yaya za ka ba ɓarawo ajiyar asiri?

Gaskiya ne. Amsata ita ce, kada ka ba kowa. Lambar sirrin kuɗɗinka ba ta da aiki wajen mai gyara, ko ɗan limamin gari ne. In gilashi za a sake ko bakin caji, cire layinka da katin hotunanka ka sa aljihu. Zauna nan a kan benci ya yi aikin gabanka. Fara gwada shi da ƙarami: caji na dala goma yau, gobe batir, jibi abin da ya fi. Haka muke yi da sabon mahauci da sabon tela, ba mu kai masa shadda ranar farko. Ban ce a damƙa wa wanda ya saci kuɗɗi asusun ƙungiyar manoma ba. Ban ce a bar wanda ya lalata yara tare da yara ba. Kowane laifi da ƙofar da ta kamata a tsare. Mai kantin da anka yi wa sata kuwa, in ya ce ba ya son ganin yaron har abada, ba na ganin laifinsa. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Amma mu sauran, me ya ɗaukar mana?

Kuma akwai abin da Baba ya manta. Kaziye sunan wanda alƙali ya hukunta kaɗai take ɗauka. Bakinmu kuwa ya fi ta faɗi. Mutane da yawa suna kwana gidan kaso watanni suna jiran shari'a, daga baya a ce ba su da laifi, a sake su. Takardarsu fara tas. A gari kuwa sunansu ɗan kaso har su mutu, har a riƙa ce wa ɗiyansu ɗiyan ɗan kaso, a hana masu aure. Alƙali yana yanke wa'adi, ya ce wata takwas, ko shekara biyu. Mu namu hukuncin ba shi da ranar fita.

Sa'annan ku yi lissafi irin na mai gida. Saurayi mai ƙarfi, ya san hanyar kuɗɗi cikin waya, ya zauna wata takwas da manyan ɓarayi, ya san sunayensu da lambobinsu. Mun hana shi aikin biro, mun hana shi rumfa. Wa ya rage zai ba shi aiki? Su. Randa anka fasa rumbun wani ko anka kore masa awaki, sai mu ce ai mun faɗa. Alhali mu munka kora shi can.

Yanzu kai, ƙanena, da duk mai irin halinka, ku ma ina da magana da ku, kuma ba mai daɗi ba ce.

In an tambaye ka, faɗi gaskiya, kada a ji ta bakin wani. Sayi littafi. Duk wayar da ta kwana hannunka, rubuta sunan mai ita da ranar da ya kawo. Kowace waya tana da lambarta ta kanta mai ƙwaya 15, in ka danna *#06# za ta fito. Rubuta ta. Wanda ya zo maka da waya da dare yana son ka buɗe masa makullinta ko ka saya da araha, kore shi. Mai karɓar kayan sata shi ma doka tana kama shi, kuma wanda ya koma gaban alƙali karo na biyu hukuncinsa ya fi nauyi. Kada idonka ya shiga hotunan mutane. Tun shekara ta 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifin da ake yi ta waya da intanet. Kuskuren da za a yafe wa wani mai gyara, kai ba za a yafe maka ba. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake, gara ka sani.

Na ji kana zancen aikin intanet, wai mutum yana zaune gida yana yi wa Turawa aiki suna biyansa. Akwai shi. Akwai kasuwanni irin su Fiverr inda ake sayen zane da fassara da buga rubutu, kuma abin da mai saye ke dubawa shi ne ko aikinka na baya ya yi kyau. Amma sai da katin shaida, sai da Faransanci ko Ingilishi mai kyau, sai da layi mai ƙarfi da hanyar karɓar kuɗɗi daga waje. Fiverr tana cire ɗaya cikin biyar na abin da anka biya ka. Sabon shiga yana iya yin watanni ba wanda ya kira shi. Gwada da dare in ka rufe rumfa, amma kada ka sayar da batir ɗinka saboda shi. Duk wanda ya ce ka fara turo jika biyar kafin ya ba ka aiki, ɓarawo ne, kai ma ka san irinsu. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Sa wannan gabanka, ka lissafa waya nawa za ka caja, nawa za ka gyara, kafin ka kama shi. In shekaru sun wuce ba ka sake laifi ba, tafi gidan shari'a ka tambayi magatakarda. Doka ta ajiye hanyar wanke suna.

Ni dai ranar Talata na kai masa tawa, wadda ta yi wata biyu sai an ɗaure mata igiya da roba take shan wuta. Na cire layina, na zauna. Ya kwance ta gabana, ya fitar da rairayi kamar na cikin kunne, ya sake mata baki, ya karɓi jika guda, ya rubuta sunana cikin littafi. Ina nan zaune sai ga wani ƙaramin yaro ya zo ta bayan rumfa, ya miƙa wata waya a naɗe cikin leda, ya ce a caja, zai dawo bayan magariba. Na gane yaron, jikan Baba ne. Wayar ma na gane ta.