Poli: Ina mutum zai duba ko kotu na nemansa?

Duk wanda aka haifa a gundumar Faro, a Yankin Arewa na Kamaru, ranar da zai nemi aikin gwamnati ko ya shiga jarrabawar ɗaukar malamai ko jandarmomi, sai an tambaye shi casier judiciaire, takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa yanke masa hukuncin ɗauri. Ko a Duwala yake zaune, ko ya shekara ashirin yana fatauci a Yola, bayanansa na nan a ofishin magatakardan kotun Poli, wato greffe. Ko dai ya taka ya je, ko a aika da buƙatarsa can ya zauna jira. Kuma galibi ba a karɓar wadda ta wuce wata uku da fitowa.

Haka dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tsara, dokar ranar 27 ga Yuli 2005 da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007. Kowace kotun matakin farko tana riƙe da kundin waɗanda aka haifa a yankinta. Ma'aikatar shari'a a Yawunde kuma tana riƙe da babban kundi na waɗanda aka haifa a ƙasashen waje da waɗanda ba a san inda aka haife su ba. Bahaushen da aka haifa a Kano ko Maraɗi ya zo ya kafa shago a kasuwar Poli, takardarsa daga Yawunde za ta fito, ɗansa da aka haifa a garin kuwa tasa tana kotun da ke kusa da gida.

Takardar kala uku ce. Ta farko, mai ɗauke da komai, ta alƙalai ce. Ta biyu ana bai wa wasu hukumomi. Ta uku, bulletin n°3, ita ce ake bai wa mutum a hannunsa, kuma hukuncin ɗauri take nunawa, wanda afuwa ko wanke suna bai shafe ba. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Suna ganin tunda takardarsu ta fito fes, to ba su da wata matsala da hukuma. Alhali mutum na iya riƙe da ita a aljihu, sabuwa fil, a kuma tsare shi a shingen jandarmomi na hanyar Garwa saboda sammacin kamu da wani alƙali mai bincike ya sa wa hannu shekaru da suka wuce. Takardar hukunci take nunawa, shi kuwa sammaci ana iya bayar da shi tun ba a kai ga hukunci ba.

Babu wani allo a bangon kotu, babu shafin intanet, da talaka zai duba ya ga ko sunansa na cikin waɗanda ake nema. Dokar ta mai da binciken 'yan sanda da na alƙali mai bincike sirri, zaman kotu ne kawai a bainar jama'a. Akwai hikima a ciki. A Amurka, ofisoshin 'yan sandan ƙananan hukumomi da dama na wallafa sunayen waɗanda ake nema, har da hotunansu, kowa ya gani. A gari kamar Poli, inda kowa ya san gidan kowa, irin wannan jeri zai iya raba aure ko ya karya ɗan kasuwa tun kafin alƙali ya ji ta bakinsa, kuma mai laifin gaske zai tsallaka Najeriya tun da dare.

Sai dai nauyin wannan sirri a kan masu yawan tafiya yake sauka: fatake, dillalan shanu, makiyaya, direbobi. Doka ta ce sammaci na aiki a faɗin ƙasar, kuma yana nan daram har sai alƙalin da abin ya shafa ya janye shi. Ba ya tsufa da kansa. Jami'i na iya kama mutum da shi ko da takardar ba ta hannunsa a lokacin. Idan aka kai ƙarar mutum yana can ƙetaren iyaka, aka kira shi bai zo ba saboda kiran bai same shi ba, kotu na iya yanke hukunci a bayan idonsa. Yana da damar ƙalubalantar hukuncin cikin kwana 10 daga ranar da aka miƙa masa shi hannu da hannu idan yana Kamaru, ko wata uku idan a waje aka miƙa masa. Da yawa a ranar da aka sa musu ankwa suke fara jin labarin.

Akwai kuma batun suna. Doka ta wajabta kowane sammacin kamu ya ɗauki suna, ranar haihuwa da wurin haihuwa, sunan iyaye, sana'a da adireshi. A ƙauyukan Béka da gindin duwatsun Alantika, inda mutane da yawa suka girma ba takardar haihuwa, abin da ake rubutawa a katinsu shi ne "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza. Mutum ɗaya Usman ne a Jimeta, Ousmanou a Garwa. Hamadu ɗan Buba kuwa sai a sami biyar a kasuwa ɗaya. Wanda aka kama a madadin takwaransa, takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa ne za su fi saurin fid da shi.

Ga iyalin da aka kama musu mutum, babbar tambaya ita ce a hannun wa yake, don kowane hannu da rajistarsa. Idan jandarmomi ko 'yan sanda ne suka tsare shi don bincike, wa'adin awa 48 ne, ana sabuntawa sau ɗaya, kuma ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin procureur, mai shigar da ƙara na gwamnati. Dokar ta ƙara awa 24 a kan kowace kilomita 50 tsakanin inda aka kama mutum da inda za a tsare shi, sharaɗin da ke da nauyi a gunduma mai faɗi irin Faro, inda tsallake kogi da damina kaɗai aiki ne. Daga nan fayil zai wuce ofishin procureur a Poli, inda ake ba shi lamba. Da wannan lamba lauya ke iya bin sawun shari'ar, kuma iyalin da suka same ta sun huta da yawan zirga-zirga.

Amma ba kowane fayil ke tsayawa a Poli ba. Fashi da bindiga, da laifukan da dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014 ta lissafa, kotun soja ce ke sauraronsu, ita kuwa tana Garwa, tafiyar fiye da kilomita 100. A yankin da satar mutane don kuɗin fansa ta addabi makiyaya shekara da shekaru, ba ƙaramin kaso ba ne ke bin wannan hanya. Wata ƙofar kuma ba ta kotu ba ce sam: dokar tabbatar da tsaro ta 19 ga Disamba 1990 ta bai wa gwamna da préfet ikon tsare mutum kwana 15, a sabunta, da sunan yaƙi da manyan 'yan fashi. Wanda aka tsare ta wannan hanya, dangi za su iya zuwa greffe a ce musu babu sunansa, kuma magatakarda bai yi ƙarya ba.

Dokar 2005 ta bar wa irin wannan iyali mafita da ba kowa ya sani ba. Duk wanda aka kama yana da haƙƙin a ba shi damar tuntuɓar danginsa, lauya da likita. Jami'in da ya zo da sammacin kamu ba shi da izinin shiga gida kafin ƙarfe 6 na safe ko bayan 6 na yamma. Idan tsarewa ta saɓa doka, shugaban babbar kotu, Tribunal de Grande Instance, na da ikon ba da umarnin a saki mutum nan take, kuma wani na iya shigar da buƙatar a madadinsa. Cikas ɗin shi ne komai da Faransanci ake rubutawa, lauyoyi kuma a Garwa suka fi yawa, ga kuɗin mota ga kuɗin aiki.

Maƙwabta ma ba su gama warware wannan ba. A Nijar, kamar Kamaru, kundin na bin wurin haihuwa, gadon tsarin Faransa, duk da ita Faransar ta daɗe da tattara nata a birnin Nantes, inda mutum ke neman bulletin n°3 ta intanet kyauta. Najeriya ta tanadi babban kundin masu laifi a hannun 'yan sanda a dokarta ta 2015. Kundin wata ƙasa ba ya magana da na wata, don haka takardar shaidar hali daga Najeriya ba ta cewa komai game da fayil ɗin da ke kwance a Poli.

Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disamba 2024, abin da ya ƙara nisanta yiwuwar baje sunaye a fili. Gyaran da zai amfani mutanen Faro ya fi haka sauƙi: a tabbata duk sammacin da alƙali ya janye labarinsa ya isa shingayen hanya, a kuma sami wuri ɗaya a Poli da uwa ko matar wanda aka kama za ta tambaya a faɗa mata ko yana hannun jandarma, ko préfet, ko an wuce da shi Garwa. Kafin nan, ɗan kasuwar da ya ji ƙishin-ƙishin an kai ƙararsa yana waje, gara ya sa lauya ya tambaya masa a ofishin procureur tun bai ɗauko hanya ba.