Wanda Ya Haƙa Rami, Shi Ke Da Alhakin Gyara Shi

Duk wanda ya bi hanya daga Kazaure zuwa Roni ko Gwiwa, ko ya nufi Babura, ba zai rasa ganin ramuka a gefen titi ba, inda aka ɗebi marmara ko yashi, ko aka fasa dutse. Masu aikin sun kwashi abin da suke so, sun yi gaba. In damina ta sauka sai ramin ya zama kududdufi, da rani kuwa sai wurin ya koma faƙo, ko ciyawa ba ta fitowa. Mu dai a ganinmu, aikin haƙa bai ƙare ba sai an mai da wurin yadda zai amfani masu shi.

In ana son a ga ƙarshen irin wannan sakaci, a dubi ƙasar Jos. Tun wajen 1904 Turawa suka soma haƙar kuza a can, aka yi ta yi har shekaru masu yawa. Suka bar tuddan ƙasa da ɗaruruwan tafkuna masu zurfi a wajen Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda suka ci mutane da dabbobi. Sai a 1946 aka yi dokar da ta ɗora wa masu haƙa nauyin gyaran wuri. Bayan haka aka baje waɗansu tuddan, aka dasa itatuwan turare. Itatuwan sun kama, sun ba da itacen wuta da na gini, amma masu bincike sun tarar ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba ta koma ta noma ba. Dalili kuwa, ƙasar sama mai albarka tun farko aka binne ta. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, gyaran yana da tsari, ba a gabatar da na baya. Da fari, kafin a sa diga, a kankare ƙasar sama a tara ta gefe guda, domin a cikinta taki yake da irin ciyawa. Na biyu, a yi wa ruwa hanya. Ƙasarmu mai duwatsu ce, ruwan Agusta yana gangarowa da ƙarfi, in bai sami hanya ba sai ya yi wa kansa, watau zaizaya ke nan, ta ci gonar maƙwabci. A ja lambatu a bayan ramin, a jera duwatsu a ciki don su rage wa ruwan gudu. Na uku, a kwantar da gaɓar ramin, yadda yaro ko akuya in sun faɗa za su iya fitowa. Sa'an nan a mai da ƙasar sama, a shuka gamba da jema su riƙe ta, kana a dasa gawo da bagaruwa, a kewaye su da ƙaya har su fi ƙarfin awaki.

Watakila wani ya ce, ai a ƙasa mai ƙarancin ruwa kamar tamu kududdufi alheri ne, don me za a cike shi? Lalle yana da gaskiya. A Jos ma manoma suna ban ruwa da tafkunan kuza, suna noman tumatir da kabeji da rani. Ba mu ce a cike kowane rami ba. Amma wanda za a bari, a bar shi da niyya: a yi masa mafitar ambaliya, a ware mashayar dabbobi, a hana yara wanka a ciki, gama ruwan da ke kwance shi ne gidan sauro da tsargiya.

Wani kuma zai ce kuɗin ya yi yawa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta riga ta wajabta wa mai haƙa gyaran wurin da ya ɓata. In bai biya ba, talakan da ke kusa shi zai biya, da gonarsa ko da ɗansa.

'Yan'uwa, gobe mu ne malamai da ma'aikata a garuruwan nan. In aka zo neman izinin haƙa, mu tambaya tun a gaban dagaci: ina za a ajiye ƙasar sama, ina ruwa zai bi, wa zai yi dashe? Allah ya sa mu bar wa na baya ƙasa mai amfani, amin.